Tsatsar ƙarƙashin mota a Damagaram: inda take ɓuya da yadda ake tare ta kafin damina

Mutanen Damagaram da yawa ba su yarda tsatsa ta shafe su ba. In ka tayar da maganar sai a ce maka ai wannan ciwon mutanen bakin teku ne, su Kwatano da Legas. Mu da ruwan sha ma sai an yi da gaske, ina ƙarfe zai samu laimar da zai ruɓe? Kuma ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Ruwan da ke sauka a garin nan bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin iska a bushe take ƙayau. Ka yar da guntun ƙarfe a tsakar gida cikin Janairu, ka waiwaye shi a Afrilu, yana nan yadda ka bar shi.

Ni ma a kan haka nake, har ranar da na kai wata a-kori-kura da na saya hannun wani ɗan kasuwa gareji, don a canza mata ƙarafan sifirin na baya, waɗanda makanikanmu ke ce wa lam. Jikinta sumul, ko ƙwarzane babu. Dattijon bakaniken ya sauka rami da ƴar guduma, na ji yana ƙwanƙwasa: ƙal, ƙal, ƙal, sai kuma na ji bus. Ya yi shiru. Can ya ce, "Alhaji, sauko ka gani da idonka, kada gobe ka ce ni na yi." Na sauka. Ya ɗora bakin turnabis a gefen shasi, wato dogon ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, daidai saman tayar baya, ya ɗan danna, sai ga shi ya shige kamar an soka wa kabewa wuƙa. Da ya zare, jan rairayi ya biyo shi yana tsiyaya. Ranar mun fitar da abin da ya kusa tiya biyu daga ɓangare ɗaya kawai, na can ƙasa da sauran danshinsa, alhali wata uku ke nan da ɗaukewar ruwa. Na ce, "Baba, a garin nan?" Ya ce, "Ka tambayi mai ita abin da take ɗauka." Da na bincika, shekara da shekaru tana jigilar kanwa da gishiri daga wajen Gure.

Abin da na koya a ramin nan shi ne tsatsar Damagaram ba daga laimar iska take zuwa ba. Daga ciki take ci, inda ido ba ya kai.

Daga ina take samun ƙofa

Ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa, ruwa da iska. Gishiri kuwa shi ne mai zuga: ruwan da ke da gishiri ya fi ruwan daɗi saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma gishiri da kansa yana jawo laima. Kowace mai girki ta san yadda gishirinta ke jiƙewa a cikin marka ba tare da an zuba masa ruwa ba. In laimar iska ta gaza kashi 60 cikin ɗari, tsatsa kusan tsayawa take yi, shi ya sa rani ke rufa mana asiri. Amma cikin shasi wata duniya ce daban. Shasin Hilux ko Land Cruiser kamar dogon akwati yake, da ƴan ramuka a gefe da ƙasa. Ƙurar hanyar Tanut da rairayin Tasker suna shiga ta ramukan nan duk tsawon rani. Ruwan farko na sauka ka ratsa kududdufi, rairayin ya koma taɓo, ya toshe ramukan ƙasa da aka yi domin ruwa ya fita. Daga nan waje ya bushe cikin awa guda, ciki kuwa ya yi watanni a jiƙe. Ita kuma tsatsa ba ta rufe ƙarfe ta kare shi. Kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta ɗaga fenti, ta riƙe ruwa kamar soso, ta ci gaba.

Gishirin kuwa ta hanya biyu yake zo mana. Na farko, motar ce ke tahowa da abinta. Yawancin ƴan Kwatano da ƴan Lome da muke hawa sun yi ƙuruciyarsu a Beljiyam, Jamus, Faransa, Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Shekara goma tana shan wannan ruwa, sannan ta yi makonni a jirgin ruwa da filin tasha a bakin teku. Abin ba ƙarami ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya shiga sulhu a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010, Tundra na 2007 da 2008, da Sequoia na 2005 zuwa 2008, motoci wajen miliyan ɗaya da rabi, aka ƙiyasta kuɗin sulhun ya kai dalar Amurka biliyan 3.4. Duk mai shirin sayen ɗaya daga cikin waɗannan, ya sauka rami kafin ya ƙirga ko dala.

Na biyu, kayan da muke lodawa. Kantun Bilma, mangul, kanwa, takin zamani, da fitsarin dabbobi. Kanwa zalla ba ta cika cin baƙin ƙarfe ba, amma tamu ba zalla ba ce, gauraye take da gishiri, kuma tana cin alminiyam da rufin zinki da ke kare ƙarfe, tana kashe fenti. Buhun taki ɗaya in ya fashe a bayan mota, garin ya bi tsagar daɓe ya sauka kan shasi, ya isa. Masu kai raguna kasuwa gab da babbar salla su ma su lura: fitsari da kashi da suka cakuɗe da harawa a lungun bodi ba su da maraba da ruwan gishiri.

Sai kuma rairayi da tsakuwar burji da taya ke watsawa, suna goge fentin ƙarƙashi a hankali kamar samfefa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yaushe

Babban aikin, a yi shi da bazara, tsakanin Maris da farkon Mayu, lokacin da ƙarfe ya bushe har cikin ɓargo kuma ruwan farko bai sauka ba. Cikin hunturu ma ana iya yi, sai dai ƙura za ta manne wa ɗanyen fenti. Da damina kuwa kada a fara, domin laima za ka rufe a ciki. Ka ware kwana huɗu zuwa biyar da motar ba za ta yi aiki ba. Na san wannan shi ne mafi wuya ga wanda da ita yake ci, amma gara kwana biyar da ka zaɓa da kanka.

Dubawa

Ka nemi gareji ko wurin wanki mai rami. In babu, a ɗaga motar a kan daɓe mai tauri, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko manyan gungume, a sa duwatsu a tayun da ke ƙasa. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, balle a kan rairayi, kuma bulon siminti yana fashewa ba tare da sallama ba. Wannan ba wurin jarumta ba ne.

Kayan aikin kaɗan ne: tocila mai haske, ƙaramar guduma, turnabis, da alli. Ka fara daga gaba ka bi kowane ɓangaren shasi har baya kana ƙwanƙwasawa duk taƙi guda. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake da ƙara mai zaƙi, guduma ta dawo maka. Wanda ya ruɓe ko ya cika da ƙasa, muryarsa a dushe take. Duk inda kunnenka bai gamsu ba, ka danna turnabis da ƙarfi, ka zagaye wurin da alli. Kada tausayi ya hana ka dannawa. Ƙarfen da turnabis zai huda, ramin hanyar Magarya zai karya shi da kaya a kai.

Wuraren da ta fi so sanannu ne. Inda shasi ya yi doro a saman tayun baya. Kunnuwan da ke riƙe sifirin. Bayan tayun gaba, inda laka ke taruwa. Ƙarfen da ya gitta saman tayar safiya, wato tayar ajiya, don haka a sauke tayar. Saman tankin mai da maɗaurinsa. A ƙananan motoci irin Corolla, waɗanda ba su da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da komai, sai a duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, ramin tayar safiya a cikin but, da inda ƙafar gaba ta kama jiki. A ɗaga shimfiɗar ƙafa a taɓa soson da ke ƙasa. Tiyon da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota in ya toshe, cikin mota yake juye ruwan, mai ita bai sani ba sai daɓe ya huje.

Siraran bututun man birki da ke bin gefen shasi, ka bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, musamman inda maƙalai suka riƙe su. In sun yi ɓawo ko sun kumbura, ba a goge su a shafa musu fenti. Canzawa ake yi.

Abin da ka gani zai faɗa ɗayan uku. Jan gari a sama wanda burushi ke ɗaukewa, ƙarfe lafiya a ƙasa: wannan aikinka ne. Ɓawo mai ɓamɓarowa falle-falle, ƙarfe ya rage kauri amma bai huje ba: aikinka ne, da wahala. Huji, tsaga, ko laushi kusa da inda sifirin, sitiyari ko ƙafa suka kama: wannan na mai walda ne, kuma kafin komai.

Fitar da ƙasa, sannan wanki

A garin da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, ana jiran ruwa daga tashoshin Gogo da Arunguza da Ganaram, ba zan ce wa mutum ya malalar da tanki guda a ƙarƙashin mota ba. Dabarar ita ce a yi rabin aikin a bushe. Ka sa waya mai kauri ka buɗe duk ramukan ƙasan shasi. Ka bubbuga gefensa da gudumar katako ko ta roba don ƙasar ta saki. Sannan ka je wurin mai faci, a zura tiyon iska ta ramin gaba a hura, a koma ta na baya, a sake. Ka ɗaure hanci da rawani, ka tsaya ta inda iska ke tahowa. Za ka sha mamakin abin da zai fito.

Bayan haka ne ruwa zai yi amfani. Injin wanki mai matsi ya fi, amma tiyo da jarka shida ko takwas na ƴan ga-ruwa suna yi in an yi tattali. A karkata motar, gaba ya ɗan fi baya tudu, a zura tiyo cikin shasi ta gaba, a bar ruwa ya bi har ya fito ta baya garau. Muddin yana fitowa ja, ba a gama ba. Inda maiƙo ya daskare da ƙasa, a kankare da ƙarfe tukuna, a wanke da sabulun gari, a ɗauraye sosai domin shi ma sabulun yana barin gishirinsa. Ruwan tabki ko na rijiya mai zartsi ba na wannan aiki ba ne. Ka ɗanɗana, in harshenka ya ji kanwa-kanwa, ƙarfe ma zai ji. Kuma a kiyaye bakin injin matsi daga kan wayoyin lantarki da robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafa.

Daga nan rana ta karɓi aikin. Ka ɗan zaga da motar a kan kwalta ruwan lungu ya zube, ka ajiye ta a fili kwana biyu. Ka zura tsinke mai tsumma cikin shasi. In ya fito da danshi, a ƙara kwana.

Walda, in ta kama

A nan ne aka fi yin kitso da ƙwarƙwata. Sai ka ga an yanko falle an liƙa a kan ruɓaɓɓen wuri an zagaye da wuta, an shafe da baƙin fenti. Tsatsar tana nan a tsakani, ta ma samu ɗaki. Mai waldar kirki yanke ruɓar yake yi har ya tarar da ƙarfe mai cikakken kauri, ya sa wani mai kauri ɗaya da shi, ya ƙarfafa da falle mai tsinin baki biyu, don kada ɗinkin ya zama layi ɗaya a tsaye inda nauyi zai taru ya tsaga. Waldar lantarki ake yi wa shasi. Ta kabaid tana gasa ƙarfen da yawa ya yi laushi. A cire kan batir kafin a kunna wuta, musamman motocin da ke da kwamfuta, in kuma aikin kusa da tanki ne a sauke tankin. Wasu manyan motoci an rubuta a jikin shasinsu cewa ba a yi masa walda ba a huda shi. Wannan rubutu ba ado ba ne.

Kuma walda tana gaban mai. Wanda ya fesa mai cikin shasi sannan ya kira mai walda, gobara ya gayyata.

Gogewa da fenti

Burushin ƙarfe na hannu, samfefa mai kaushi, da injin giranda mai kan burushi in akwai wuta. Duk ana samu a shagunan kayan gini na wajen Kasuwar Dole. Tabarau dole ne. Silin burushin giranda in ya tsinke, kamar kibiya yake tashi, kuma kai kana kwance a ƙarƙashinsa fuska sama. Ka fara ɓamɓare ɓawon da guduma, ka bi da burushi har sai babu abin da ke saki. Ba lalle ne ƙarfe ya yi ƙyalli ko'ina ba, amma duk abin da farce zai iya ɗagawa ya tafi. In ka tarar da tsohon baƙin shafe mai kama da kwalta ya tsattsage, ka bi shi da ƙarfe ka ɗaye; sau da yawa abin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili muni.

Wuri ɗaya ne za ka bi da lallami, inda aka buga lambar shasi. Kada giranda ta kusance shi, kada a lafta masa fenti mai kauri. Burushin hannu da ɗan mai sun isa. Ranar da jandarma ko ɗan duwan ya durƙusa da tocila a hanyar Matamaye yana gwada lambar da ta takardu, ya ga alamar an goge wurin, ba labarin tsatsa zai tsaya saurare ba.

Bayan gogewa a share wurin da tsumma da tina, maiƙo ya fita. Gazuwal ba ya wannan aiki, shi kansa maiƙo ne, fenti ba ya kama bayansa. In ka samu ruwan kashe tsatsa, wanda galibi da asid ɗin fosforik ko na tanin ake haɗa shi, ka shafa a inda jan ya maƙale cikin ƴan ramuka. Yana juya tsatsar ta koma baƙi mai tauri wanda fenti zai zauna a kai. Sharaɗinsa biyu: sai an cire ɓawo, domin ba ya ratsa kauri, kuma sai a inuwa da sanyin safiya. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40. A kan ƙarfe mai zafi ruwan bushewa zai yi kafin ya yi aikinsa. A ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, yawanci kwana guda. Safar hannu ta roba, kuma a nesanta shi da ido.

Sai shafen farko, jan fentin nan da masu ƙera ƙofofi ke cewa antiruyi. Mai zinki ko irin wanda ake haɗa gwangwani biyu ya fi shi ƙarko in aljihu zai ɗauka. Ni na fi son burushi a kan feshi a ƙarƙashin mota, domin burushi yana cusa fenti cikin lungu da kan ɗinkin walda. Shafe biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Antiruyi shi kaɗai ba ya tare ruwa na dogon lokaci, dole a bi shi da fentin mai, baƙi, shi ma sau biyu. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin a fara don ƙura ta kwanta.

Shafe mai kauri irin na kwalta ko roba, wurinsa ɗaya ne a wurina: cikin kogon tayu da inda tsakuwa ke duka, a kan ƙarfen da aka riga aka gyara aka yi wa fenti. A lafta shi a kan tsatsa, ko a toshe ramukan fitar ruwa da shi, ya fi barin motar haka nan illa. In ka je sayen ƴar Kwatano ka ga ƙarƙashinta baƙi ƙirin yana sheƙi, har kan noti da bututu an bi an shafe, ka tambayi kanka me ake ɓoyewa.

Cikin shasi, inda aikin gaske yake

Burushi ba ya shiga nan, fenti ma ba ya kama ƙarfen da ba a goge ba. Abin da ke aiki shi ne mai mai ratsawa, wanda zai bi tsaga ya jiƙa tsatsar ya raba ta da iska. Akwai na musamman da ake yi da kaki, ko da maiƙon gashin tumaki, mai zuwa da siririn tiyo mai feshi ta kowane gefe. Mai zuwa Kano ko Yamai zai iya tambaya a shagunan kayan fentin mota. In bai samu ba, sabon man giya da aka dama da ɗan giris yana yi. Ba a ɗora shi a wuta. A ajiye gwangwanin a rana awa biyu, zai tsinke da kansa. A zuba a bindigar feshi ta gareji, a ɗaura mata tiyo mai tsawon mita ɗaya ko fiye, a zura ta kowane rami har ƙurya, a riƙa fesawa ana janyowa a hankali. In ka ga yana ɗiga ta ramukan ƙasa da tsagar ɗinki, ya kai. Haka za a yi wa ƙarafan da suka gitta, cikin ƙofofi ta ramukan ƙasansu, da dogon ƙarfen ƙarƙashin ƙofa. A shimfiɗa kwali a ƙasa, kwana biyu tana zuba.

Na san abin da mai karatu zai ce: baƙin man juye fa, da ake samu kusan kyauta? Tsofaffin direbobi sun daɗe suna fesa shi, kuma ba zan ce ba ya hana komai ba. Amma man da ya gama aiki a inji ɗauke yake da asid da toka da garin ƙarfe, yana kumbura roba, yana da illa ga fatar mai taɓa shi kullum, kuma inda ya ɗiga ƙasa ta mutu. Lita biyu ko uku na sabo sun ishi a-kori-kura. A kan motar da ka sa miliyoyin sefa, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Wani abin da ya bambanta mu da mutanen kudu: a waje kada a yi wa ƙarƙashi wankan mai. A ƙasar rairayi duk abin da ke da danƙo tara ƙasa yake yi, ta zama kunu mai kaushi ta ci robobi da gaɓoɓi. Waje fenti busasshe, ciki mai. Abin da za a taɓa da giris a waje kaɗan ne: kan notuna, maƙalan bututun birki, sarƙar tayar safiya. Faifan birki da gangarsa, salansa, belin inji da na'urar da ke jikin salansa, ko ɗigo kada ya same su. A naɗe su da leda kafin feshi, a tuna a cire.

Kada a manta da mazaunin batir. Zafinmu yana sa batir tofar da ruwa, asid ɗin ya ci farantin da ke ƙasa ya gangara kan shasi. A ciro batir, a wanke wurin da ruwan bikarbonat har ya daina kumfa. In babu, ruwan kanwa ma yana kashe asid, nan kam ta yi rana, amma a ɗauraye da ruwan daɗi sosai. A bushe, a yi fenti, a shimfiɗa guntun roba.

Da damina da bayanta

Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin nan ginin ƙasa na unguwar Birni a farkon Satumba, ta nuna mana ruwan garin nan ba kullum yake zuwa da kunya ba. Duk ranar da ka ratsa ruwa ya kai cibiyar taya, kada ka bari lakar ta yi sati. Bokiti biyu da tiyo, a bi kogon tayu da cikin shasi, a tsokane ramukan ƙasa da waya. In ruwan ya haura haka, a kwance noti a duba man akwatin giya da na gadar baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayun baya. In ya koma kalar koko da madara, ruwa ya shiga, a juye.

Mai ɗaukar gishiri, kanwa ko taki ya shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri ya ɗaga gefunanta, in ya sauke ya share a bushe tukuna sannan ya wanke, don ruwa kada ya narkar da garin ya kai shi cikin tsaga. Mai tabarmar roba a bayan mota ya riƙa ɗaga ta. Ƙarƙashinta ba ya bushewa da kansa. Wurin kwanan mota kuma, a guji turken dabbobi da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta fi lulluɓe mota da tamfol har ƙasa, wanda ke kama tururin da ke tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ajiye shi a cikinta.

In kaka ta yi, wajen tsakiyar Oktoba, a sake sauka rami. Wannan karon aikin yini ɗaya ne: a hura, a wanke, a taɓa inda tsakuwa ta ɓantare fenti, a ga ko ramuka a buɗe suke. Man ciki kuwa shekara-shekara ake sabunta shi da bazara, sai dai motar da ke yawan shiga ruwa ko ɗaukar kanwa, ita a ƙara mata bayan wankin kaka. Tawa a-kori-kurar, da ɗinki biyu a doron baya, har yanzu tana kai gero Mirya. Duk Afrilu in na kai ta, dattijon ba ya ma gaishe ni sosai sai ya fara miƙo mini guduma.